Harshen Arcesio, Shafi na 27: Kofuna Uku

Masu aiko min da saƙon "ka mutu ne?", ban mutu ba. Da yatsa ɗaya nake rubutu, kuma shi ne ƙofar jif ta matse ranar kasuwa. Ku yi haƙuri da ni, matata ma shekara ashirin da biyu ke nan tana yi.

*

Ranar Litinin, wajen ƙarfe biyu na rana, Arcesio Trujillo na tsaye yana wanke cokula a ɗakin ɗanɗanon gahawa na ƙungiyar manoman Santa Rufina, sai ya ji mota ta tsaya a bakin sito, ba a kashe ta ba.

A garin nan mutum ɗaya ne ke shiga wuri ya bar motarsa tana gurnani a waje.

Arcesio ya ci gaba da wanke cokalin da ya riga ya wanke sau biyu. Tun Juma'a yake jiran motar nan. Asabar ya jira ta a gida, Lahadi ya jira ta a coci, har matarsa Nubia ta zungure shi ta ce in waiwaye ya zo yi, ya koma bencin baya ya hutar da wuyansa.

Abin da ya faru ranar Juma'a ba shi da tsawo. Dokar ɗakin ɗaya ce, kuma shi ya fi kowa yi wa sababbin ma'aikata wa'azinta: gahawa ba ta da suna a kan tebur, lamba gare ta. Ka shaƙa, ka zuƙa da cokali, ka tofar, ka rubuta maki, ka ja bakinka. Ba a son sanin ta wane ce sai an tattara takardu. To, da ya zo kofi na sha huɗu ya zuƙa, hannunsa bai nemi shawarar kansa ba, ya rubuta a ƙasan makin: Misael.

Sai da Doña Yolima, shugabar ɗakin, ta karɓe takardu ta buɗe littafin lambobi, sannan ta karanta cewa lamba sha huɗu ta Don Ovidio Losada ce, attajirin garin, girbin watan jiya.

Misael Chilito kuwa compadren Arcesio ne, wato amininsa, shi ya riƙe masa 'yarsa Marlén ranar baftisma. Wata takwas ke nan da aka wayi gari ana cewa ya sayar wa Don Ovidio gonarsa ta kan tudu ya tafi ƙasar Ekwado, ba sallama, ko karensa bai ɗauka ba. Gari ya yarda. Santa Rufina gari ne mai saurin yarda da duk labarin da ya gangaro daga gidan Don Ovidio.

Sai dai itatuwa daban, hannu daban. Ana sayen gona, ba a sayen hannun da ke tsima 'ya'yan gahawa bayan an ɓare su. Akwai wani ɗan tsami da gahawar Misael ke bari can bayan harshe, kamar abarbar da ta wuce nuna da kwana ɗaya. Shekara shida Arcesio na kiransa aibi, masu saye daga ƙasashen waje na kiransa abin al'ajabi. Mutum ɗaya ke iya fitar da shi. Kuma mutumin nan, in ji harshen Arcesio, watan jiya yana tsaye a bakin kwamin tsimi, a gonar da yanzu aka kewaye da waya aka ajiye ƙarti biyu a ƙofarta.

Ƙofa ta buɗe.

Doña Yolima ce ta fara shigowa, da murmushin da take ajiyewa don ranar zuwan bishop. A bayanta Don Ovidio, ɗan guntun dattijo mai farar malafa, mayafinsa a naɗe a kafaɗa. Da ka gan shi a bakin coci sai ka riƙe masa hannu ya hau matakala. Yana ɗauke da ƙananan ƙunshi uku na takarda.

Ya gaishe da Arcesio hannu bibbiyu. Ya tambayi Nubia da ciwon gwiwarta. Ya tambayi Marlén da karatun jinyarta a birni, ya ce gidan nan mai koren ƙofa da take haya a bayan asibiti ya yi kyau, illa dai layin ba shi da jama'a sosai. Arcesio bai taɓa gaya wa kowa launin ƙofar ba.

"Maestro," in ji Don Ovidio, yadda ake kiran gwani a nan, "an ce min yanzu wasiƙa kake rubutawa a takardar maki."

"Kuskuren alƙalami ne, Don Ovidio."

"Alƙalami mai ƙwaƙwalwa."

Doña Yolima ta yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta. Ta ce ita ma abin da ta gaya wa Arcesio ke nan, kewar compadrensa ce ta hau masa harshe, tunda itatuwan dai su ne na da. Kuma da gaske take. Ita ta yarda Misael na Ekwado, har ta sa an yi masa addu'ar samun sa'a a can.

Don Ovidio ya jera ƙunshin nan uku a kan tebur. Ya ce an riga an gasa su, niƙa kawai ya rage. Ya ce shi tsoho ne mai son wasa, so yake ya ga harshen nan da ake ta yayatawa da idonsa. Sannan ya juya ga Doña Yolima ya ce ransa ya biya da biskit ɗin achira na shagon da ke ƙetaren dandali, masu zafin nan da ake fitarwa da rana, ko za ta taimaka wa tsoho.

Matar da ke ba maza goma sha biyu umarni ta ɗauki jakarta ta fita da sauri.

Arcesio ya niƙa, ya auna, ya zuba a kofuna uku. Ya tsiyaya ruwan zafi. Daga nan doka ta ce a jira minti huɗu kafin a taɓa.

Minti huɗu ba komai ba ne, sai ranar da ka yi su tare da Don Ovidio.

A cikinsu ne Arcesio ya waiwayi rayuwarsa, ya ga ba ta da wuyar ƙirgawa. Ya yi tuƙin jif, ya kai fasinja tara da buhunan ayaba cikin rafi. Ya yi aski, har yau akwai wani malamin makaranta da ke sauya hanya in ya hango shi. Ya yi kiwon kaji, kajin suka fi shi saurin gane ba zai iya ba. Yana da shekara arba'in da bakwai yana dakon buhuna a siton nan, surukarsa na kiransa "mijin Nubia" don ta rasa abin da za ta haɗa sunansa da shi.

Misael ne ya lura. Wata rana suna zaune a ƙofar sito, Arcesio ya kurɓi gahawar wani ya ce wannan kusa da jarkar fetur aka shanya ta. Aka bincika, haka ne. Misael ya kama shi a hannun riga kamar akuyar da za a kai kasuwa, ya shigo da shi ɗakin nan ya tsayar da shi gaban Doña Yolima.

"Ga jakin da kuke ɗora wa buhu," ya ce mata. "Ku duba bakinsa."

Daga ranar ya zama mutum. Aka tura shi birni ya ci jarrabawa, aka ba shi farin gaban-riga mai sunansa, manoman da suka yi masa dariya a bakin rafi suka koma cire hula in za su yi masa magana. Surukarsa ta mutu tana kiransa Arcesio.

"Lokaci ya yi, maestro," in ji Don Ovidio. Ba agogo a hannunsa.

Arcesio ya riga ya yanke shawara. Zai zuƙa, ya ɗaure fuska irin ta masana, ya ce duk ukun ɗaya ne, gahawa mai kyau ta kan tudu, ba hannun kowa a ciki. Ƙarya ba ta cikin sana'o'in da ya gwada ya kasa, ya daɗe yana yi wa Nubia ita a kan yawan kofunan da yake sha.

Ya fasa kumfar saman da bayan cokali, ya shaƙa. Ya kwashe kumfar. Ya ɗauki gwangwanin tofi a hagu, cokali a dama.

Kofi na farko. Ya zuƙa da ƙarfi, ƙarar ta cika ɗakin.

Misael ne. Kamar ya turo ƙofa ya shigo da takalmansa na roba.

Kofi na biyu. Shi ne dai, amma a gajiye. Tsamin na nan, sai dai wankin bai kai ba, kamar wanda ya yi aikin ba ya so, ko ba ya iya sunkuyawa sosai.

Kofi na uku.

Itatuwan ne. Ƙasar ce, ruwan ne, inuwar ce. Mutumin ne babu. Gahawa ce mai tsabta, an bi duk ƙa'ida, irin wadda shi Arcesio ya shekara shida yana roƙon Misael ya yi. Bai taɓa ɗanɗana abin da ya ba shi tsoro kamarta ba.

Ya tofar, ya goge baki, ya ajiye cokali.

"Duk ɗaya ne, Don Ovidio. Gahawa mai kyau. Ban ji hannun kowa ba."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali, kamar likitan da ya ji abin da ya zata. Ya miƙa hannu ya karɓi gwangwanin tofin, ya leƙa ciki, ya karkata shi wajen haske.

"Shekara nawa kana aikin nan?"

"Shida."

"An ce min a shekara shidan nan ba ka taɓa haɗiye gahawar gwaji ba. Har korar wani ka sa aka yi a kan haka."

Tsohon ya karkato masa gwangwanin ya gani.

"Tofi ɗaya nake gani a nan, maestro. Ka haɗiye biyu, ka tofar da ɗaya."

Sai a lokacin Arcesio ya ji ɗumin gahawar a ƙirjinsa. Bai san ya yi ba. Maƙogwaronsa ya ƙi tofar da compadrensa, shi ke nan. Duk gaɓoɓin jikinsa, ya lura, sun fi shi gaskiya, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ke tunanin iyali.

Ya jawo kujera ya zauna.

"Yana da rai?"

"Wa?"

"Don Ovidio, don girman Allah."

Tsohon ya cire malafarsa ya ɗora a gwiwa. Ya ce shi bai san abin da mutanen gari ke faɗa ba, shi dai ya san yana da baƙo a gonarsa ta kan tudu, baƙon da ya ba ɗaki da abinci sau uku a rana, har da rediyo. Ya ce tsoho irin Misael, ba mata, ba ɗa, me zai je yi a Ekwado? Gara ya zauna kusa da itatuwansa inda ake kula da shi. Wayar da aka kewaye wurin kuwa saboda ɓarayi ce, zamani ya lalace.

"To amma baƙon nawa ya fara rashin kunya," ya ce. "Mako biyar ke nan ya ce hannunsa ya gaji. Wai ba zai sake taɓa kwami ba sai an buɗe masa ƙofa. Abincin ma yanzu sai ya ga dama."

Ya nuna kofi na uku da haɓa.

"Wannan aikin mutanena ne. Wata bakwai suna tsaye a kansa da agogo. Kwaminsa, ruwansa, awanninsa, har ganyen ayabar da yake rufawa sun ƙirga. Ka dai ji abin da ya fito. Masu sayen nan na ƙetare sun ɗanɗana, sun ce ba ita ba ce. Ita suke so, waccan mai ɗan tsamin. Akwai abin da yake yi a gabansu, suna kallo ba sa gani."

Arcesio ya kafa wa tebur ido.

Ya san abin. Kwalba ce. Tsohuwar kwalba mai marfin totuwar masara, kullum tana rataye a ƙugun Misael, kowa na zaton ruwan rake ne mai tsami da yake kurɓa don ƙarfin jiki. Kafin ya rufe kwami sai ya cire hula, ya ɗiga kaɗan a ciki, ya motsa baki. Duk wanda ya gani zai ce tsoho ne ke zuba wa marigayiyar matarsa rabonta, kamar yadda mutanen tudu ke yi wa matattunsu, sai ya kawar da kai don kunya. Alhali ruwan tsimi ne, tun na zamanin ubansa, yana ɗiba yana mayarwa girbi bayan girbi, kamar mai ɗiga tsohon nono a sabuwar madara.

Kuma ya san wani abu da ya fi wannan. Muddin ba su gane kwalbar ba, Misael baƙo ne. Ranar da suka gane ta, ya zama tsohon da duk gari ya riga ya yarda ba ya nan.

"Ban san komai a kan tsimi ba," ya ce. "Ni mai ɗanɗano ne. Abin da ya iso kofi nake sani."

"Ka raina kanka, maestro. Tsohuwar ɗabi'arka ce."

Don Ovidio ya gyara zama. Muryarsa ta ƙara laushi, irin ta kawun da ke son ka da alheri. Ya ce shi yana girmama mutumin da ya gano abin da Allah ya yi shi dominsa, ko da a makare ne. Ya ce harshe irin wannan ya fi ƙarfin ɗakin da rufinsa ke yoyo. Zai gina masa nasa ɗakin, da sabon injin gasa gahawa, da sunansa a jikin kowane buhu da zai ƙetare teku. Zai hau jirgin sama ya je ya zauna da manyan masu ɗanɗano na duniya, su yi shiru in yana magana.

Abin kunyar shi ne Arcesio ya hango ɗakin. Har tagoginsa ya gani. Na ɗan lokaci ne, amma ya gani, kuma ya san zai daɗe bai yafe wa kansa ba.

"In kuwa na ce ban sani ba?"

"Sai in yi baƙin ciki." Tsohon ya zaro takarda a aljihu ya warware ta. Takardar makin Juma'a ce. "Mai ɗanɗanon da ke rubuta sunan aboki a gwajin da aka ce ba suna. Ka san yadda hukumarku ke kallon irin wannan. Su karɓe shaidarka, ba ɗakin da zai sake ba ka cokali daga nan har bakin teku. Buhunan dai suna nan, ban ji an ce sun rage nauyi ba. Shekarunka hamsin da biyu, ko?"

"Da uku."

"Ka gani."

A waje motar na ta gurnaninta. Wani ya wuce da alfadari a kan duwatsun titi. Gahawar ta fara hucewa a kofuna, kuma ko daga inda yake zaune Arcesio na jin ƙanshin biyun farko ya bambanta da na ukun. Ya yi fatan a ce hancinsa ya toshe, ko na yini ɗaya.

"In na gaya maka," ya ce a hankali, "za ka buɗe masa ƙofar?"

Don Ovidio ya dube shi da tausayi na gaske.

"Maestro, ai Misael yana Ekwado. Kowa ya sani."

Nan ne Arcesio ya tsai da shawara. Ba jarumta ba ce, bai taɓa mallakar ta ba balle ya gane ta. Lissafi ne mai sauƙi, irin wanda ko mai kiwon kajin da ya gaza zai iya: bakinsa a rufe, compadrensa na numfashi. Ya kwance igiyar farin gaban-rigarsa, ya ninke shi gida huɗu, ya ajiye a kan tebur kusa da cokalin.

"Kai takardar inda za ka kai ta, Don Ovidio. Ban sani ba."

Tsohon bai ko kalli rigar ba.

"Zan sake tambaya sau ɗaya, don ina ganin mutuncin Nubia da yarinyar nan mai koren ƙofa." Ya ɗaga murya kaɗan, karo na farko tun shigowarsa. "Me Misael Chilito yake sa wa gahawarsa?"

Aka turo ƙofa da ƙafa.

Doña Yolima ce, hannu biyu riƙe da ledar biskit mai tururi, tana haki don sauri. Ta ji tambayar tun daga baranda. Fuskarta ta washe, irin ta ɗalibar da a ƙarshe aka yi tambayar da ta san amsarta. Shekara shida tana zaune a kujerar can ta lungu, duk girbi tana jin Arcesio da Misael na faɗa a kan abu ɗaya, Arcesio na buga tebur yana kiran kwalbar da sunanta.

Arcesio ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Doña Yolima, biskit ɗin..."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ajiye ledar a gaban Don Ovidio tana dariya.

"Wannan ne kuka tsare juna a kai? Ai Don Ovidio, da ni ka tambaya tun farko. Wannan ko ni na sani."